Zariya: Ga ilimi, ga takardu, amma ina aikin?

A duk shekara dubban matasa ne ke kammala karatu a manyan makarantun Zariya da ke jihar Kaduna a arewacin Najeriya, cikinsu har da likitoci da lauyoyi da injiniyoyi da masu haɗa magunguna da akantoci.

To amma da yawa daga cikinsu kan koma gidajen iyayensu su shafe shekaru suna jiran aikin da suka karanta, a garin da ake yi wa kirari da birnin ilimi.

Matsalar ta game ƙasa baki ɗaya. Sai dai a Zariya ta fi fitowa fili, domin da wuya a samu wani gari a Arewa da ya tara makarantu irin nata: Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru da Kongo, da asibitin koyarwarta a Shika, da kwalejin fasaha ta Nuhu Bamalli, da kwalejin koyon tuƙin jiragen sama, da cibiyar fasahar sufuri, da cibiyoyin binciken noma da kiwo da harhaɗa sinadarai.

Wanda ya shiga tsohon birni ta Ƙofar Doka da la'asar sakaliya, ya bi ta Babban Dodo ya nufi Fada ko kasuwar Amaru, zai riƙa wuce majalisun samari a kan dakali da bencin mai shayi. A da akan ɗauka cewa masu irin wannan zama su ne waɗanda ba su yi nisa a boko ba. Yau kuwa ba abin mamaki ba ne a tarar cewa mai cirar kuɗi da na'urar POS a bakin titi injiniya ne, mai koyar da 'yan firamare a makarantar kuɗi ta cikin lungu kuma lauya ne da aka rantsar.

Garin da aka shirya don samar da ma'aikata

Zazzau ta yi suna da malamai tun kafin zuwan Turawa. Unguwanni irin su Juma da Kona sun daɗe suna karɓar almajirai masu neman fiƙihu da nahawu daga nesa. Amma makarantun boko da suka cika garin daga baya an kafa su ne da wata manufa ta musamman, wato samar wa gwamnati ma'aikata.

A shekarun 1950, lokacin da mulkin kai ke ƙaratowa, manyan muƙaman gwamnatin Jihar Arewa na hannun Turawa, matsakaitan kuma galibi na hannun 'yan Kudu. Gwamnatin Sardaunan Sakkwato, Alhaji Ahmadu Bello, wanda ya zama Firimiya a 1954, ta ɗauki manufar cike waɗannan gurabe da 'yan Arewa cikin gaggawa. Zariya ce ta zama maƙerar wannan aiki.

Makarantar horar da akawuna da aka buɗe a Kongo a 1947 ta koma cibiyar koyon aikin mulki, inda aka riƙa horar da jami'an gudanarwa da ma'ajin En'e da alƙalai. Kwalejin da aka kafa a Katsina a 1921, wadda daga baya aka sani da Barewa, ta tare a Zariya a 1949. A watan Oktoban 1962 kuma aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello da ɗalibai 426.

A wancan lokaci aiki ne ke farautar mai takarda. Rikicin 1966 ya sa ma'aikata 'yan Gabas da yawa suka bar Arewa, kujerunsu suka zama babu kowa. A 1967 aka raba ƙasar zuwa jihohi 12, a 1976 suka zama 19, kuma kowace sabuwar jiha na buƙatar sakatarori da likitoci da injiniyoyin hanya da lauyoyin gwamnati. Ga kuɗin man fetur na shigowa, ga ƙarin albashin Udoji na 1974. Ɗalibin da ke shekarar ƙarshe a Samaru kan samu tayin aiki fiye da ɗaya tun bai ajiye alƙalami ba, kuma sau da yawa tare da gida da rancen mota.

Daga wannan zamani ne aka samu mutane irin su marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa da tsohon mataimakin shugaban ƙasa Namadi Sambo, haifaffen Zariya da ya karanta zanen gine-gine a jami'ar.

Wannan tarihi yana da muhimmanci domin shi ne ya kafa wa iyaye ma'auni. Uban da ya ga maƙwabcinsa ya tashi daga ɗan ɗinki ya zama babban sakatare, da wannan ido yake duban digirin ɗansa a yau: takarda, sai aikin gwamnati, sai fansho. Alhali kuwa kasuwar da aka yi wannan lissafi dominta ta daɗe da watsewa.

Yadda kasuwar ta tsuke

Farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980. Gwamnatin Shehu Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982, gwamnatin soja ta Janar Buhari ta sallami ɗimbin ma'aikata a 1984, sannan Janar Babangida ya zo da shirin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986, wanda ya karya darajar naira ya kuma taƙaita ɗaukar aiki. A ƙarshen wannan shekara ce aka kafa hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, NDE, alamar cewa gwamnati da kanta ta amince ba za ta iya ɗaukar kowa ba.

Masana'antu, waɗanda su ne madogara ta biyu, su ma sun bi baya. Zariya mahaɗar jiragen ƙasa ce tun farkon ƙarni na 20, tana da injin gurzar auduga, kuma an buɗe kamfanin taba a garin a 1959. Amma babbar kasuwar injiniyoyi da akantocin Zariya tana Kaduna, mai tazarar kimanin kilomita 80: masaƙun Kakuri, da kamfanin haɗa motocin Peugeot da ya fara aiki a 1975, da matatar mai da aka buɗe a 1980.

Masaƙar KTL, wadda aka kafa a 1957, ta rufe a 2002. Babbar masaƙar UNTL ta dakatar da aiki a 2007. Rashin wutar lantarki da tsadar man injin da kwararowar yadin China ta kan iyakoki ne suka haɗu suka durƙusar da su. Matatar mai kuwa ta shafe shekaru masu yawa ana biyan albashi ba tare da ta tace man kirki ba. Kowace masaƙa da ta mutu ta tafi da guraben injiniyan lantarki da masanin sinadarai da akanta da likitan kamfani, ba na masu jan zare kaɗai ba.

Yayin da masu ɗaukar aiki ke raguwa, masu neman aikin ƙaruwa suka yi ta yi. A 1962 jami'o'i biyar ne a Najeriya. Tun daga 1999 aka fara ba 'yan kasuwa lasisin buɗe nasu, kuma a yau adadin ya haura 250. Sai a watan Agustan 2025 ne gwamnatin tarayya ta sanar da dakatar da kafa sabbin manyan makarantunta har na tsawon shekaru bakwai.

Ba Najeriya ce ta fara shiga wannan rami ba. A Masar, gwamnatin Jamal Abdul Nasir ta yi wa duk mai digiri alƙawarin aikin gwamnati a shekarun 1960. Jami'o'i suka cika maƙil, layin jira ya yi ta tsawo har ya kai shekaru, daga ƙarshe alƙawarin ya mutu. Bambancin shi ne a Najeriya ba a taɓa rubuta irin wannan alƙawari a doka ba. Al'ada ce kawai ta ɗauke shi tamkar an yi.

Ƙofofi bayan ƙofar jami'a

Akwai dalilin da ya sa zaman mai digirin ƙwararru ya fi na sauran ciwo. Wanda ya karanta tarihi ko tattalin arziki ya san tun farko cewa zai nemi abin yi ne duk inda ya samu. Likita ko lauya ko mai haɗa magunguna kuwa an horar da shi ne don aiki guda, kuma doka ba ta ba shi damar yin wannan aiki sai ya ƙetare wasu ƙofofi bayan digiri.

A ɗauki likita. Bayan shekaru shida na karatu, majalisar kula da aikin likitanci kan ba shi lasisin wucin gadi ne. Ba zai samu cikakken lasisi ba sai ya yi shekara guda yana aiki a ƙarƙashin manyan likitoci a asibitin da majalisar ta amince da shi. Irin waɗannan asibitoci kaɗan ne, kuma kowannensu yana ɗaukar ƙayyadadden adadi ne kawai. Wanda bai samu gurbi ba sai ya zauna, lasisin wucin gadin nasa kuma yana da wa'adi.

Haka abin yake ga masu haɗa magunguna da masu gwaje-gwajen jini da masu ɗaukar hoton ƙashi da masu gashin jiki: kowa sai ya yi shekarar horo, kuma neman gurbinta kan zama yaƙi mai zaman kansa. Asibitin koyarwa na Shika da 'yan wasu manyan asibitocin Kaduna da Kano ne ɗaliban jami'o'i da yawa ke rububin shiga. A 2024 ma'aikatar lafiya ta tarayya ta ce ta ninka yawan ɗaliban da makarantun koyon aikin lafiya za su riƙa ɗauka. Matuƙar guraben horon ba su ƙaru daidai da haka ba, cunkoson zai tashi ne daga ƙofar shiga jami'a ya koma ƙofar asibiti.

Ɗalibin shari'a a Kongo kan yi shekaru biyar, sannan ya nemi gurbi a makarantar horar da lauyoyi, ko a Bwari kusa da Abuja ko a Bagauda ta jihar Kano ko wani reshenta, ya biya kuɗi masu nauyi ya ƙara shekara guda. Bayan an rantsar da shi sai ya tarar cewa manyan ofisoshin lauyoyi da shari'o'in kamfanoni masu tsoka suna Legas da Abuja da Fatakwal. A Zariya rigingimun gado da fili da aure ne suka fi yawa, kuma akasarinsu a zaure ko a gaban mai unguwa ko a kotun shari'ar Musulunci ake kashe su, ba tare da an ɗauki lauya ba. Ƙaramin lauyan da ya raɓu da ofishin wani babba sau da yawa abin da yake samu bai wuce kuɗin mota ba.

Injiniya na buƙatar shekarun aiki a ƙarƙashin ƙwararre kafin majalisar injiniyoyi ta yi masa rajista, kuma ba a samun waɗannan shekaru sai da masana'anta ko kwangila. Mai zanen gine-gine na zaune a garin da yawancin gidaje magini da mai gida ne ke tsara su a ƙasa da tsinke. Hatta matuƙin jirgin da ya fito daga kwalejin Zariya, wadda aka kafa a 1964, kamfanoni kan nemi ya zo da ƙarin horo a kan nau'in jirgin da suke amfani da shi, horon da ake biya da dala, tare da sa'o'in tuƙin da ba zai samu ba sai an ɗauke shi aiki.

A kan duk waɗannan akwai shekarar yi wa ƙasa hidima, wadda gwamnatin Janar Yakubu Gowon, shi ma tashin Wusasa a Zariya, ta ƙirƙiro a 1973. Ga kuma yajin aikin malaman jami'a: kusan watanni tara a 2020, watanni takwas a 2022. Matashin da ya shiga jami'a yana da shekara 19 zai iya kaiwa 28 ko 29 kafin ya tsaya da ƙafarsa a kasuwar aiki, inda zai ga tallan bankuna da kamfanoni na cewa ba sa son wanda ya haura 26 ko 27.

Buƙata daban, gurbi daban

Abin da ya fi ɗaure wa jama'a kai shi ne yadda za a ce likita na zaune babu aiki, alhali a ƙauyukan da ke kewaye da Zariya akwai asibitocin da mata ke haihuwa ba tare da sun taɓa ganin likita ba. Amsar ita ce buƙata ba ta zama aiki sai an samu mai biyan albashi. Talakan da ke buƙatar likita ko lauya ba ya da abin biya, gwamnatin da ya kamata ta biya a madadinsa kuma ko dai ba ta ware kuɗin ba, ko ta rufe ƙofar ɗauka.

A watan Afrilun 2019 ministan ƙwadago na lokacin, Dokta Chris Ngige, ya jawo ce-ce-ku-ce da ya ce Najeriya na da rarar likitoci, don haka masu son fita su fita. A 2024 kuma ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, wanda shi ma a Zariya ya karanta likitanci, ya ce kimanin likitoci dubu 16 ne suka bar ƙasar cikin shekaru biyar, waɗanda suka rage kuma ba su wuce dubu 55 ba, a ƙasar da jama'arta suka haura miliyan 200. Maganganun biyu kamar suna karo da juna, amma hoto ɗaya suke nunawa: likitocin sun yi wa jama'a kaɗan, sun kuma yi wa kasafin kuɗi yawa.

Ingila da Saudiyya na cikin waɗanda suka fi amfana. A watan Agustan 2021, ana tsakiyar yajin aikin likitoci, ɗaruruwansu suka yi dafifi a wani otal a Abuja domin ganawa da masu ɗaukar aiki na Saudiyya. Ga ɗan Arewa Musulmi, aiki a ƙasa mai tsarki tayi ne da ke da wuyar ƙi. To amma wannan hanya ta waɗanda suka riga suka samu cikakken lasisi da gogewa ce. Wanda ya maƙale a ƙofar farko ba shi da ko ita.

Guraben gwamnatin tarayya ma sun zama abin da ake raɗa a kunne. Tun wajen 2020 aka sanya takunkumi a kan ɗaukar ma'aikata, sai hukumar da ta samu izini na musamman. A 2023 wani kwamitin majalisar wakilai ya binciki zargin sayar da guraben aiki, inda wani tsohon jami'in hukumar raba daidai ta ƙasa ya amsa a bainar jama'a cewa ya karɓi kuɗi daga masu neman aiki. Shi ya sa a majalisun birni maganar ba ta tsaya ga wane ne ya fi maki ba. Takan koma ga wane ne ke da uwa a gindin murhu.

Idan kuwa aka yi shela a fili, yawan masu fitowa kan firgita. A 2012 kamfanin Ɗangote ya nemi direbobin manyan motoci 100, mutum kusan dubu 13 suka nema, shida daga cikinsu masu digirin digirgir, sama da 700 masu digiri na biyu. A ranar 15 ga Maris, 2014, fiye da mutum rabin miliyan aka gayyata filayen wasa domin jarrabawar shiga hukumar shige da fice, a kan gurabe kimanin 4,500, bayan kowannensu ya biya naira dubu ɗaya. Aƙalla mutum 16 ne suka mutu a turmutsutsu.

A jihar Kaduna, babbar ɗaukar aikin da aka gani a shekarun baya ta zo ne ta hanyar kora. A 2017 gwamnatin Malam Nasir El-Rufai ta ce malaman firamare 21,780 sun faɗi jarrabawar cancanta, ta sallame su, ta kuma yi shelar ɗaukar sabbi dubu 25. Ko wane ɓangare mutum ya bi a wannan taƙaddama, abin da ta nuna shi ne aji da allo ne suka rage wa masu takardu a matsayin babbar ƙofa.

Abin da alƙaluma ke ɓoyewa

Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 kashi 33.3 cikin ɗari na masu iya aiki ba su da aikin yi, a tsakanin matasa kuma adadin ya kai kashi 42.5. A 2023 hukumar ta fitar da sabon adadi: kashi 4.1 cikin ɗari.

Ba wasu masana'antu aka buɗe a tsakani ba. Ma'aunin aka sauya. A da, wanda bai yi aikin sa'o'i 20 a mako ba ana lissafa shi cikin marasa aiki. A sabon tsari, wanda ya yi daidai da na ƙungiyar ƙwadago ta duniya, duk wanda ya yi aikin sa'a ɗaya a mako don samun kuɗi ma'aikaci ne. Hukumar na da hujjarta, domin haka ne za a iya kwatanta Najeriya da sauran ƙasashe. Sai dai a wannan ma'auni, masanin haɗa magunguna da ya tsare wa yayansa shagon sayar da katin waya ranar Asabar ya fita daga sahun marasa aiki.

Duk da haka sabbin alƙaluman sun tona wani abu. A tsakiyar 2023, lokacin da adadin ƙasa baki ɗaya yake kashi 4.2, na waɗanda suka yi karatun gaba da sakandare ya kai kashi 8. Kusan mutum tara cikin goma na masu aiki kansu suke yi wa aiki, ba albashi suke ɗauka ba. Ma'ana, aikin albashi, wanda shi ne kaɗai aka tsara digirin ƙwararru dominsa, ɗan tsibiri ne a cikin tattalin arzikin ƙasar.

Rayuwa a cikin ganuwa

Tsohon birnin Zariya na da wata garkuwa da Legas ko Abuja ba su da ita. Gidajen gado ne, babu kuɗin haya, tukunyar gida kuma ba ta ƙin ƙarin baki ɗaya. Matashin da ya dawo daga hidimar ƙasa zai samu ɗaki a soro da tuwon dare. Wannan ne ke sa matsalar ba ta fashe ba, kuma wannan ne ke ɓoye girmanta.

Akwai kuma sana'o'in gado. Birnin ya shahara da ɗinkin hannu na manyan riguna da huluna, waɗanda dillalai ke kaiwa Kano da Abuja har da ƙasashen maƙwabta. A da aikin riga na maza ne, amma tun wajen shekarun 1980, da rayuwa ta yi tsada, matan cikin gida suka shige shi sosai. Ba ƙaramin adadi na ɗaliban birni ne da allura da zare suka biya kuɗin rajistarsu ba, kuma zuwa ga allurar suke komawa bayan digiri. Wasu kan ga wannan a matsayin koma-baya. A gaskiya ɗan gidan sana'a ya fi ɗan ƙaramin ma'aikaci sa'a, domin shi na biyun ba ya da ko abin komawa.

Ga 'yan mata lamarin ya ƙara sarƙewa. Iyayen birni sun buɗe wa 'ya'yansu mata ƙofar jami'a fiye da da, musamman a fannin lafiya, saboda ana son mace ta duba mace. Amma gurbin horo ko na aiki kan fito ne a wani gari mai nisa, inda ba kowane uba ko miji ne zai yarda ta je ta zauna ita kaɗai ba. Da yawa kan ƙare a koyarwa a Islamiyya da makarantun kuɗi, a kan albashin da bai kai mafi ƙanƙanta na ƙasa ba, ko kuma sayar da turaren wuta da atamfa ta WhatsApp.

Ga samari kuwa, inda abin ya fi cizo shi ne aure. Al'umma ba ta ɗaukar namiji a cikakken mutum sai ya ajiye iyali, kuma tambayar farko da waliyyin yarinya zai yi ita ce sana'a. Tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, da hauhawar farashin da ta kusa kashi 35 cikin ɗari a ƙarshen 2024, kuɗin lefe da na ɗaki sun ƙara nisa. Abokin da ya bar makaranta daga sakandare ya kama kasuwa a Sabon Gari ko Tudun Wada yanzu yana da mata da 'ya'ya uku, injiniya kuma yana karɓar kuɗin kati a hannun mahaifiyarsa. Ƙannensu na kallo, suna kuma yin nasu lissafin game da amfanin boko. A yankin da har yanzu ake fama da iyaye su sa yara makaranta, wannan ce hasarar da ta fi kowace tsada.

Shirye-shirye da muhawara

Kusan kowace gwamnati ta zo da nata shirin. Obasanjo ya kafa NAPEP a 2001, wanda babban abin da ya bari shi ne sunan keke mai ƙafa uku. Jonathan ya zo da YouWiN a 2011 da SURE-P a 2012. Buhari ya ƙaddamar da N-Power a 2016, inda aka ɗauki masu digiri rabin miliyan a rukuni biyu na farko a kan naira dubu 30 a wata, akasari a aikin koyarwa. Duk na wucin gadi ne. Wa'adi na cika mutum ya dawo bencin da ya bari. Alawus ɗin masu hidimar ƙasa, wanda aka ɗaga zuwa naira dubu 77, ya zarce abin da makarantun kuɗi da ƙananan kamfanoni da yawa ke biya, har ta kai wasu na ganin ranar sallama daga hidimar a matsayin ranar da albashinsu ya tsaya.

A 2022 ministan sadarwa na lokacin, Farfesa Isa Ali Pantami, ya wallafa littafi da ke fifita ƙwarewar aiki a kan takardar digiri zalla, kuma muhawarar da ya tayar ba ta lafa ba a Arewa. Masu goyon baya na nuni da matasan da suka koyi rubuta manhajar kwamfuta ko haɗa wutar sola suna samun abin da ma'aikacin gwamnati ba ya samu. Akwai gaskiya a ciki, kuma ba boyayyen abu ba ne cewa ɗakunan gwaje-gwaje na jami'o'i da yawa sun tsufa, ana yaye injiniyan da ya fi sanin allo fiye da inji.

Sai dai hujjar ba ta shafi kowa daidai ba. Likita da mai haɗa magunguna da matuƙin jirgi ƙwarewa suka koya, kuma da dukiyar jama'a aka koya musu. A ce wa wanda ya yi shekaru shida a Shika ya je ya koyi gyaran waya, an rage masa raɗaɗi, amma asibitin ƙauyen na nan babu likita.

Yanzu kuma wani sabon nauyi ya shigo. A 2024 aka fara ba ɗalibai rancen karatu ta asusun NELFUND, kuma ɗaliban Arewa na cikin waɗanda suka fi karɓa. Dokar ta ce za a fara biya shekaru biyu bayan kammala hidimar ƙasa, ta hanyar cire kashi 10 cikin ɗari na abin da mutum ke samu. Wanda bai samu aiki ba na iya neman a ɗaga masa ƙafa idan ya yi rantsuwa cewa ba ya aiki kuma ba ya samun kuɗin shiga. Rukunin farko na masu rancen sun fara fita daga jami'a, kuma nan da 'yan shekaru hukumar za ta yanke hukunci a kan ko injiniyan da ke riƙe da na'urar POS a Babban Dodo yana cikin masu aiki ko marasa aiki.